Takardar da Na Sa wa Almakashi

Zuwa gare ka,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan wasiƙa ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya sauke ka Kano lami lafiya, ya kare ka daga sharrin hanya da na ƙarfe da na mutum. Mu nan Karaye muna nan yadda ka bar mu, sai dai gajiya, ita kuwa ka san ta daɗe da zama 'yar gida.

Na san ba wasiƙa ka yi tsammani ba da ka buɗe ambulan ɗin nan. Takardar shaidar lafiyarka ya kamata ka gani, wadda za ka miƙa a sansanin bautar ƙasa, shi ya sa na liƙe bakinsa na ce kada ka buɗe sai ka isa. Kada ka wahalar da kanka da zazzage jaka, ba ta ciki. Ranar Lahadi bayan la'asar na shimfiɗa ta a kan teburin yanka, na sa mata babban almakashina na shadda. Ka yi fushi, ka isa ka yi. Amma kana da kwana biyar a gidan goggonka Larai kafin ranar shiga sansani, kuma kwana biyar sun ishe ka ka je asibiti a duba zuciyarka da gaske, a ba ka takardar gaskiya. Dalilina shi ne abin da zan rubuta maka. Kwana biyu na yi ina rubutawa a rumfa, in mai ɗinki ya shigo in tura ta ƙarƙashin yadi.

Za ka ce me ya hana ni faɗa maka da baki, muna gida ɗaya. Kai ma ka san amsar. Kai ne ɗan farina, kuma sunan mahaifina aka sa maka, nauyi biyu ke nan a kan mutum ɗaya. Tun ranar suna ban taɓa kiran sunanka ba, ko Abban da kowa yake ce maka bakina bai iya ba. "Kai" nake cewa, ko in ce wa ƙannenka, "Ku gaya wa yaron nan." Haka na tarar ana yi, kuma mutane suna yaba mini, suna cewa Sule Tela akwai kara. Ba zan zagi al'adar iyayenmu ba. Sai dai ni na mayar da ita maɓoya, na shige bayanta duk lokacin da magana ta yi mini nauyi, kuma saura kaɗan hakan ya ci ranka.

Bari in fara da kaina. Ka taso kana ganin ubanka iri biyu. Akwai wanda in azumi ya kama sai ka ce an kunna inji, ya yanka riguna goma kafin azahar, ya yi ta surutu, barci ya ƙaurace masa kwana da kwanaki kuma bai ji a jikinsa ba. Akwai kuma wanda bayan Sallah yake shiga ɗaki ya juya wa duniya baya, wata biyu, wani zubin uku, ko gaisuwar maƙwabta ba ya iya amsawa. Sana'ata ce ta rufa wa ciwon nan asiri shekara da shekaru. Wane tela ne yake barci a goman ƙarshe? Kowa a layinmu na kasuwa idonsa jajawur, don haka nawa bai fita daban ba. In na kwanta bayan Sallah kuma sai a ce, "Ku ƙyale shi, gajiyar ɗinki ce." Ni ma na yarda da hakan, don ya fi daɗin ji.

Shekarar da abin ya fito fili kana aji uku a firamare. Na karɓi ɗinkin da teloli huɗu ba za su gama ba, har daga Zoza ana kawo mini yadi. Wata rana da hantsi na ji a raina cewa awo ɓata lokaci ne, idona ya isa. Na ajiye tef da alli, na yanka yadin mutum goma sha ɗaya da ka, ina yi ina waƙa. Malam Tanimu, maƙwabcina a rumfa, ya zo ya riƙe mini hannu ya ce, "Sule, lafiyarka kuwa? Wannan wandon na waye, na raƙumi?" Na yi masa dariya, na ce an bar shi a baya. Mutane suka yi Sallah da tsofaffin kaya saboda ni. Wasunsu har yau in mun haɗu a masallaci gaisuwar fatar baki kawai muke yi, kuma ban ga laifinsu ba.

Don haka ka kula da barcinka kamar yadda kake kula da sallarka. In ka ga kwana biyu, uku, barci ya ƙi zuwa, jikinka yana gaya maka ba ka buƙatarsa, kana jin duk garin babu mai basirarka, kada ka kira wannan himma. Haka in ka wayi gari komai ya fita daga ranka babu dalili, har mako ya zagayo. Duk inda aka tura ka, ka nemi mutum ɗaya mai hankali ka gaya masa tun da wuri cewa in ya ga haka ya riƙe maka hannu, kai kuma kada ka yi masa dariya. Ban ce kana da ciwon ba. Ban taɓa ganin alamarsa a tare da kai ba, alhamdu lillahi, amma gidan da ka fito ke nan.

Kakanka mai sunanka haka yake. A Beli inda aka haife mu, zafin gidan Malam ake ce wa abin. Wata shekara ya nome gonar da sai gayya take iya mata shi kaɗai, wata shekara damina ta zo ta wuce yana ɗaki. An sha rubutu, an yi hayaƙi, ba wanda ya ce ciwon asibiti ne. Wannan kowa a dangi ya sani ko da ba a faɗa. Abin da babu wanda ya taɓa haɗawa da shi shi ne mutuwar yayana, baffanka Haladu, wanda ba ka tarar ba.

Haladu ba shi da zafin gidan ko kaɗan. Mutum ne mai sanyin hali, ƙaƙƙarfa, buhu biyu yake ɗauka. Abu ɗaya yake yawan faɗi, "Ƙirjina yana yi mini tsalle." Sau biyu yana yanke jiki ya faɗi, ɗaya a gona, ɗaya da aka yi ihun gobara ya zabura. Ni da bakina nake tsokanarsa, "Yaya, ai soyayya ce, a yi maka aure ka huta." Shi ne ɗan fari, saboda haka Baba bai taɓa tambayarsa ba, in labarin ya zo kunnensa sai ya kau da kai. Ranar da ya rasu muna cirar gyaɗa, rana ma ba ta yi zafi ba. Yana gabana da 'yan taku. Ya miƙe, ya dafa ƙugu da hannu ɗaya, ɗayan a ƙirji, kamar mai ɗan hutawa, sai na ga ya sulale. Kafin in yar da abin da ke hannuna in isa gare shi babu rai. Shekararsa ashirin da bakwai. Aka ce ajali, kuma ajalin ne, wa ya isa ya musa? Kafin la'asar mun dawo daga maƙabarta, kuma daga ranar ba a sake zancen ƙirjinsa ba.

Yarda da ƙaddara bai hana mutum tambaya ba, wannan na gane shi a makare. In jikinka ya gaya maka magana ɗaya har sau biyu, ka saurare shi, kada ka bari wani mai baki irina ya mayar maka da ita abin wasa. Shekara talatin ke nan ina jin muryata ina ce masa soyayya ce.

Bayan ɓarnar yadin nan mahaifiyarka da Malam Tanimu suka tasa ni gaba zuwa asibiti a Kano. Likita ya saurare ni, ya ce ciwo ne sananne, da Turanci baifola suke ce masa, ni dai ciwon hawa da sauka nake kiransa. Ya ce ba aljanu ba ne, ba sammu ba ne, ana gadonsa, kuma akwai maganin da ke daidaita shi. Kafin ya rubuta maganin sai ya ɗago ya ce, "Malam, a danginku akwai wanda ya taɓa yin mutuwar farat ɗaya yana matashi, ko mai yawan suma?" Na ce, "Babu." Ko ƙiftawa ban yi ba. Na riga na amsa a gaban baƙo cewa akwai ciwon ƙwaƙwalwa a gidanmu, sai na ga in na ƙara da wani na tuɓe gidan tsirara ke nan. Kuma a lissafina me ya haɗa kai da ƙirji? Ya rubuta abin da na faɗa, ya ba ni magani, na samu sauƙi ƙwarai, har na manta na yi ƙarya.

Ka ji wannan da kyau: likita ba surukinka ba ne, ba binciken aure yake yi ba. Abin da ka ɓoye masa kanka ka ɓoye wa. In ya tambaye ka abin da kake jin nauyinsa, ka runtse ido ka faɗa.

Yanzu na zo kan laifin da ya fi ci mini rai. Kana da shekara goma sha shida, wata ranar Alhamis da yamma, mai shayin bakin filin ƙwallo ya shigo rumfa da gudu ya ce, "Malam Sule, Abba ya faɗi a fili, ba ya motsi!" Teloli shida ne a layin, duk suka ɗago suna kallona. Wallahi gabana ya yanke ya faɗi, Haladu ne ya zo mini a ido. Amma ƙafata ba ta sauka daga kan keke ba. Na ci gaba da takawa, na ce, "A yayyafa masa ruwa, yunwa ce." Tsoron da na ji shi ne a ce Sule ya ruga a guje saboda ɗan fari. Malam Tanimu ne ya tafi, ya dawo da kai a kan babur kana murmushin kunya. Aka yi ta yaba mini dauriya. Kalmasar da nake yi a lokacin sai da na farke ta gaba ɗaya washegari, don a karkace take. Mahaifiyarka ta ce a kai ka asibiti, na ce yaro ne, ya ci abinci ya warke. Ban taɓa neman gafararka a kan wannan ba, yau ina nema.

In Allah ya ba ka ɗa, ka yi masa kara a wurin biki, ka yi masa a gaban surukai in kana so. Amma ranar da aka ce maka ya faɗi, ka tashi ka ruga, ko hula ba sai ka ɗauka ba. Masu kallon nan babu wanda zai taya ka kwana da abin.

Shekara huɗu da suka wuce, kana jami'a, ni ma na faɗi a kan keke. An ce maka gajiya ce, to ba ita ba ce. A asibiti suka manna mini wayoyi a ƙirji, na'ura ta zana bugun zuciyata a doguwar takarda, gwajin da suke kira isiji. Likitar mace ce, ba ta girme ka da yawa ba. Ta daɗe tana duban takardar, sannan ta yi mini tambayar nan dai ta shekarun baya. Wannan karon na gaji da ƙarya, na ba ta labarin Haladu tun daga tsallen ƙirji har gonar gyaɗa. Ta ajiye biro ta ce, "Haba Baba, me ya sa ba ka faɗa ba tun farko? Cikin magungunan ciwonka akwai masu taɓa bugun zuciya. Da an sani, da an zaɓa maka da kula, ana kuma duba ka a kai a kai."

Na tambaye ta abin da ya daɗe yana damuna, me ya haɗa kai da ƙirji. Ta ce ƙwaƙwalwa da zuciya duk da wani ɗan lantarki na jiki suke aiki, kuma tsarin da ke tafiyar da shi gadonsa ake yi daga iyaye. Ta ce masu bincike sun lura cewa wasu daga cikin ƙwayoyin gadon da ke da hannu a ciwo irin nawa suna da hannu kuma a yadda zuciya ke riƙe bugunta. Ba ta cika baki ba. Ta ce binciken bai ƙare ba, ba kowane mai wannan ne yake da wancan ba, kuma ba za ta rantse cewa ciwona da mutuwar Haladu tushensu ɗaya ba. Ni dai da kan tela na fahimce ta: in keke yana tsallake ɗinki, wani lokaci a saman yadi za ka gani, wani lokaci a ƙasa, alhali keken ɗaya ne. Ta canza mini magani, sannan ta ce, "Gidan da aka yi irin wannan mutuwar, 'ya'yansa gwaji ake yi musu. Ka kawo su duka."

Na kai ƙannenka uku a mako na gaba, muka ce musu gwajin makaranta ne. Biyu aka ce lafiya lau. Bilkisu kuwa aka ga wani abu a takardarta, aka ce a riƙa kawo ta duk shekara, aka ba mu sunayen magungunan da ba za ta sha ba ko da zazzaɓi take. Tana nan garau kamar yadda ka gani, don an sani. Saura kai. Na ce wa mahaifiyarka, "In yaron nan ya zo hutu ki gaya masa." Ta ce, "Ni? Ɗan farin nawa? Malam, ai kai ka ji bayanin likita da kunnenka." Na ce to zan kira Larai ta gaya maka, tunda goggo ba ta da wannan nauyin. Ban kira ba. Na san za ta tambaye ni tun yaushe na san da zancen, ita da har yau in an ambaci Haladu a gabanta sai ta yi hawaye. Ka zo hutu ka koma, ka zo ka koma, ina ganinka a tsakar gida ina cewa gobe. Haka shekara huɗu ta wuce. Kai da ka taɓa faɗuwa, kai kaɗai ne ba a gwada ba.

Sai ga zancen bautar ƙasa. Ka aiko Bilkisu ta ce mini ana son takardar lafiya kuma lokaci ya ƙure. Maimakon in ce ga dama ta samu, sai na tafi wurin wani da nake yi wa ɗinki, ya cike takarda ya buga mata hatimi, ko fuskarka bai gani ba. Har daɗi na ji, wai na yi maka abin kirki ba tare da mun haɗa ido ba. Tsufa bai ƙara mini wayo ba, ka gani.

Ranar Lahadi da safe ina zaure ina goge kaftanin da na ɗinka maka na tafiya, kai kuma kana fito da buhun gyaɗar da za ka kai wa goggonka. Ka dire shi a bakin ƙofa. Ka miƙe, ka dafa ƙugu da hannu ɗaya, ɗayan a ƙirji, kana tsammanin babu mai ganinka. Tsayuwar Haladu ce sak. Na buɗe baki in kira ka, sunan ya ƙi fita, sai da dutsen guga ya fara ƙauri na dawo hayyacina. Na tuna a sansani gudu ake sa ku da fareti tun da sassafe, a busa ƙaho a zaburar da mutum daga barci, kuma takardar da na samo da hannuna ce za ta ce musu ka iya. Da la'asar na sa mata almakashi.

Ga abin da nake so ka yi. Gobe da safe ka ce wa goggonka ta raka ka babban asibiti, ka nuna mata wasiƙar nan in ka ga dama, na daina ɓoye mata. Ka nemi a yi maka gwajin bugun zuciya. In likita ya tambaye ka, ka ce kakanka da mahaifinka suna da ciwon hawa da sauka, mahaifinka yana shan magani kuma zuciyarsa ta taɓa rikicewa, baffanka ya faɗi ya mutu a gona yana matashi, an ga alama a jikin ƙanwarka, kai ma ka taɓa suma a filin ƙwallo. Ka faɗa masa abin da kake ji a ƙirjinka, wanda ni ban sani ba don ban taɓa tambaya ba. In ya ce lafiyarka ƙalau, mu gode wa Allah, ka tafi ka yi faretinka. In ya ce ban da gudu, to ban da gudu, ko da abokanka za su kira ka rago. In sansanin bana ya wuce ka saboda wannan, akwai na baɗi, ni na jawo kuma na ɗauka.

Kada ka sha maganin da wani ya miƙo maka a ɗaki don ya yi masa aiki. In an ɗora ka a kan magani, kada ka bari don ka ji sauƙi, na gwada sau biyu, duka biyun mahaifiyarka ce ta sha wahalar. Ka riƙe addu'a, ka riƙe asibiti, ba sa faɗa da juna. Ranar da ka tashi neman aure kuma, ka faɗi gaskiyar gidanku kafin wani ya faɗa maka ita a karkace. Ba tsinuwa ba ce a kanmu, ciwo ne kamar kowane, ɓoyon ne ya yi mana ɓarna.

Na gaji, ba zan ɓoye maka ba. Ba gajiyar keke ba, gajiyar riƙe magana a ciki shekara da shekaru ina yi wa mutane murmushin mai kara. Na binne yayana ban tambayi komai ba, ba ni da ƙarfin da zan sake tsayawa a bakin wani kabarin ana yaba mini dauriya.

In an gama gwajin ka kira ni. Ni nake nufi, ba mahaifiyarka ba, ba Bilkisu ba. Zan ɗauka ko a tsakiyar layin teloli nake, kowa ya ji. Jiya da na rufe rumfa na gwada faɗin sunanka a fili, ni kaɗai. Da ƙyar ya fito, amma ya fito.

Allah ya kai ka lafiya ya dawo mana da kai lafiya. Allah ya daidaita bugun zuciyarka, ya sanyaya maka tunani, ya haɗa ka da mutanen kirki a duk inda aka tura ka. Allah ya jiƙan kakanka da baffanka Haladu, ni kuma ya yafe mini. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta san abin da na yi wa takardar, ita ta miƙo mini almakashin.

Allah ya tsare mini kai, Yakubu. Ka je asibiti, ɗana.

Wassalam,
Mahaifinka,
Sule Tela, Karaye.